Yadda Na Mayar da Kazar Kakana Tauraruwa

Ranar da yayana ya sayi mota ya yanke wa zauren gidanmu hukunci. Motar ba ta a-zo-a-gani ba ce, wata tsohuwar a-kori-kura ce da yake ɗibar buhunan gero da dawa zuwa kasuwar Babura, amma tun da ta shigo hannunsa ya gano cewa ƙofar gidan ubanmu ta yi masa kaɗan. Ya ce kafin ruwa ya sauka za a rushe zauren, a ja katangar bulo, a kafa get ɗin ƙarfe, motar ta riƙa kwana cikin gida kamar 'yar gata.

Ni a Kazaure nake aure, ina koyarwa a firamare, gidanmu kuma yana wani ƙauye a gefen Roni. Labarin ya iske ni ne daga bakin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ta sa aka kira mata ni a waya, ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba ta ce, "Ɗan'uwanki zai rushe hannun Baba." Na kwana biyu ban ji maganar da ta tafasa min zuciya kamar wannan ba.

Kakanmu magini ne. Ya gina wa mutane da dama gidaje daga Roni har Gwiwa, duk sun rushe ko an rushe su, zaurenmu kaɗai ya rage. A fuskar zauren, sama da ƙofa, ya fitar da zane da jar ƙasa, irin mai tudu wanda kana iya shafawa da hannu. A tsakiya akwai kaza da 'yan tsaki bakwai a bayanta. A gefen dama kare ne ya buɗe baki yana bin zomo. A can sama kuma jinjirin wata, da wani ƙullutu a kusa da shi. Kowace shekara kafin damina akwai wani tsohon magini da ke zuwa daga wajen Gwiwa, ya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake dama ƙasar yaɓe da ruwansa don ta jure ruwan sama, ya bi zanen da tafin hannu yana shafawa. Shekara da shekaru ana wannan shafe, har kazar ta yi ƙibar da ba ta da ita a ƙuruciyata.

Ina 'yar shekara goma kakan ya rasu. Matarsa yake kirana, ni kuma in ce ba na auren mai tabo a gemu. Yakan ɗaga ni in taɓa ƙafar kazar, ya ce wannan ce sadakina, in na girma in zo in ɗauka. Ba ni da hotonsa ko ɗaya. Abin da na mallaka nasa shi ne wannan bangon, kuma a gado ma ba nawa ba ne.

Na hau mota na je na yi wa Yaya magana ta hankali. Na yi masa ta zumunci, na yi masa ta tarihi, har 'yar ƙwalla na matso. Ya saurare ni yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Malama, ke a gidan bulo kike kwana," in ji shi. "Mu ne kike so mu zauna cikin tarihi, gara na cin mu. Kuma bari ki ji, wani abokina ustazu ya ce min mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da siffar kare. Shekara nawa muna korar mala'iku daga ƙofa ba mu sani ba?"

Na dawo Kazaure ina huci. Mijina ya ce in bar wa maza maganar gini, na ce masa shi ma in ya ga dama ya je ya taya su riƙe diga.

Ana cikin haka babbar 'yata, wadda ke karatun zanen gine-gine a ƙasar Turai, ta turo min hotuna. Na buɗe na ga ƙofar wani tsohon coci ce ta dutse, an zagaye ta da sassaƙe-sassaƙe: ga rago, ga ƙaguwa, ga kunama, ga kifaye biyu, ga kuma wani halitta, sama mutum ƙasa doki, ya ɗana kibiya. Na yi a'uziyya na kira ta, na ce karatu muka tura ki ko yawon ƙofar coci? Ta yi dariya ta ce malaminsu ne ya kai su. Ta ce ginin ya yi ɗaruruwan shekaru, kuma waɗannan dabbobi daga tatsuniyoyin mutanen da suka fito, amma kowace tana tsaye ne a madadin wani gungun taurari da rana ke sauka cikinsa a wani watan shekara. A ƙarƙashin kowace dabba an sassaƙa aikin da manomi ke yi a watan, wani yana girbi, wani yana jin ɗumin wuta. Mutanen da ba su iya karatu ba, in sun ɗaga kai a bakin ƙofa, sun karanta shekararsu.

Tana magana, ni hankalina ya riga ya koma Roni. Kaza da 'ya'yanta ai sunan taurari ne a wurinmu, kowane ɗan ƙauye ya san wannan curin da ke taruwa wuri guda. Taurari ukun nan da ke jere a layi kuwa, tun muna yara ake ce mana zomo ne, da kare, da mai farauta a baya. Wata kuma ba ya rabuwa da Zara matarsa. Ban taɓa jin wani mahaluki ya ce kakana taurari ya zana ba. Amma ban taɓa jin wanda ya ce ba su ya zana ba, kuma a wannan ɗan tsakanin na shimfiɗa tabarmata.

Ranar Asabar na koma. Wannan karon ban je da ƙwalla ba, na je da tabarau da sandar nuna allo. Na tsayar da Yaya a ƙofar gida da hantsi, na fara nuna masa hotunan cocin a waya, na maimaita masa bayanin 'yata tare da ƙarin gishiri. Sannan na juya na ɗora sandar a kan kazar.

"Yaya, wannan mece ce?"

"Kaza mana."

"Haka jahili zai ce. Ɗaga kanka sama bayan magariba ka duba yamma. Wannan Kaza da 'ya'yanta ce. In ta ɓuya, damina ta ƙarato. Wannan da kake kira kare, har kana ɗauko min fatawa a kansa, tauraro ne, cikin ukun nan da ke jere: zomo, kare da mai farauta. Ga wata, ga Zara a gefensa. Kakanmu ba dabbobi ya zana ba, kalandar noma ya rubuta wa mutanen garin nan, irin wadda Turawa suke tashi daga wata ƙasa su je kallo."

Ya karɓi wayar ya duba, ya duba bango, ya sake duba wayar. Yayana mutum ne mai kirki, amma yana da ciwo guda: yana son a ce gidansu ba kamar na kowa ba ne.

"To ina mai farautar?" ya ce. "Kin ce uku ne."

Bakin malamar firamare ba ya mutuwa. Na ce, "Mai farautar shi ne duk wanda ya tsaya a ƙofa. Kai ne yanzu haka. Hikimar kenan."

Ya ɗan gyara tsayuwa. Sai kuma ya ce, "Bari mu tambayi Gwaggo, ita ta san ubanta."

Gwaggo ba ta san da shirina ba, kuma mace ce da ba ta iya ɓoye gaskiya ko a gaban surukai. Ta fito tana dogara sanda, Yaya ya maimaita mata duk abin da na ce. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta juyo ta dube ni, irin kallon da take min ina yarinya in na ce ba ni na sha furar ba.

"Au," ta ce, "sai yau kuka sani? Ai Baba ba ya barin a ɗauki sungumi a gidan nan sai ya fito ya duba kazar sama, ya duba ta bango. Yaran zamani, kuna zaune kan ilimi kuna neman wurin ajiye mota."

Yaya ya gyaɗa kai. Da ya shiga ciki, Gwaggo ta ja ni ɗakinta, ta sakaya ƙofa, ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

"'Yar nan, Allah ya shirye ki," in ji ta. "Taurari! Baba da ko kallon sama ba ya yi sai in hadari ya taso yana tsakiyar gini."

Ta ce kazar nan kakarmu ce. Mace ce mai faɗa, duk inda ta sa ƙafa 'ya'yanta bakwai na biye da ita, shi ne ya manna ta a ƙofa don kowa ya san abin da ke cikin gidan, ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Zomon kuwa wani amininsa ne Bafulatani da ke kawo shanu su kwana a gonarsa. Mu asalinmu Barebari ne, tsakaninmu da Fulani kuwa ba a raga wa juna. Wata rana karen gidan ya biyo aminin, mutum da sandarsa da wuƙarsa ya zura da gudu ya ɗare kan rumbu. Kakanmu ya rantse sai jikokin jikoki sun ga wannan gudun.

Na ce, "To Zara fa, Gwaggo?"

"Wace Zara? Zanzaro ne ya yi gida a wurin, ya ɗebi ƙasa ya toshe."

Muka yi dariya har da hawaye, muka kuma ƙulla cewa maganar ta mutu a ɗakin nan.

Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa kam ta yi 'ya'ya har da jikoki. Kwana uku tsakani Yaya ya kira ni bayan sallar magariba. Ya ce yana tsaye a bayan masallaci, ya ga kazar da idonsa a yamma, amma tsaki shida ya ƙirga. Na ce na bakwai sai mai ƙarfin ido, kuma kakanmu ba ya sa tabarau. Ya ce lalle mutanen da ba wasa ba.

Daga nan maganar get ta bi ruwa. Motar ta koma kwana gindin darbejiya. Yaya ya sa aka feƙe masa sanda irin tawa. Duk baƙon da ya zo, ko ciko ya zo nema na awon gero, sai an tsayar da shi a rana an yi masa darasi. A kasuwar Babura ya ishi abokan cinikinsa na Nijar da zancen, har wasu suka biyo shi gida ganin ido. Ya ƙara nasa binciken ma: ya gano cewa zankwayen da ke kan zauren suna nuna inda rana ke fitowa a tsakiyar damina, wata tsaga da ke gangarowa daga sama kuma hanyar taurari ce. Abokinsa ustazu ya zo ya duba, ya ce in dai don gane lokaci ne ba don duba ba, babu laifi. Ni kuma na zama Malama da gaske. In na zo gida, Yaya da kansa yake sa a shimfiɗa min darduma, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin ƙwarai.

Da bazara ta yi nisa, tsohon maginin nan ya iso daga Gwiwa da buhun makubarsa kamar kullum. Yaya ya tare shi a ƙofa ya ce bana an huta. Ya ce abu mai daraja irin wannan ba a bar shi a hannun ɓawon ɗorawa ba. Ya riga ya yi magana da wani birkila daga Kazaure, za a bi zanen da siminti, a lulluɓe shi tsaf yadda yake, a shafa fenti, ya zauna har tashin duniya.

Tsohon ya ajiye buhunsa ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Ƙasa numfashi take. In ta sha ruwa, rana ta fito, sai ta fitar. In ka sa mata rigar siminti, ruwa zai samu hanyar shiga, ba zai samu ta fita ba."

Gwaggo ma ta ce a bar wa bango abin da ya saba. Yaya ya juyo gare ni, don yanzu ni ce hukuma. Ya ce, "Malama, na Turawan nan da ya yi ɗaruruwan shekaru, da makuba ake shafa shi?"

Nan ne wurin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na san tsohon ya fi mu sanin ƙasa. Amma na ji tsoron in na musa wa Yaya zai huce, ya koma wa maganar diga. Kuma, tunda na ɗauki alƙawarin faɗin gaskiya a rubutun nan, ni ma kwaɗayin abin ya kama ni. Na hango zauren yana sheƙi, ana tsayawa ana ɗaukar hoto. Na ce ai zamani riga ne. Ni ce ma na zaɓi fentin: shuɗi a bango saboda sama, fari a jikin kaza da tsaki, ruwan ɗorawa a jikin wata. Tsohon ya saɓa buhunsa, ya yi mana sallama da ladabi, Yaya ya sa aka kai shi tasha a kan babur.

Aikin ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Mutane suka yi ta tururuwa. Na tura wa 'yata hoto ina jiran yabo, sai ga kiranta ko minti biyu ba a yi ba. Ta ce, "Mama, wa ya ce ku sa siminti a kan ƙasa? Ku kankare shi tun kafin ruwa!" Na ce ta ji da karatunta, ba a Turai aka fara gini ba.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya bi, bango na nan yana walƙiya. Na riƙa yi wa Gwaggo tsiya ina cewa ina annabcin tsohonku? Ita dai takan miƙa sandarta ta ƙwanƙwasa gindin bangon, ta kasa kunne. Ni ma sau ɗaya na ƙwanƙwasa da yatsa da babu kowa a wurin. Ya amsa min kamar ƙwarya. Na janye hannuna na shige gida, ban gaya wa kowa ba.

Da damina ta yi tsakiya aka shiga marka, kwana uku ana yayyafi ba rana. Ina cikin aji da hantsi matar Yaya ta kira ni. Ta ce fuskar zauren ta zame gaba ɗaya, daga sama har ƙasa, lokaci guda, Allah ya sa babu kowa a ƙofa. Ruwa ya daɗe yana shiga ta wannan tsagar da Yaya ya naɗa hanyar taurari, ƙasar ta jiƙe a ciki ta zama kunu, simintin ya yi nauyi ya janyo ta. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Na nemi izini na hau mota zuwa Roni, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni cikin caɓi. Gwaggo na zaune a kan turmi daga cikin gida, inda a da ba a hango ta daga waje, ta lulluɓe kai ba ta kallon kowa. Yaya kuma na tsugune a cikin taɓo, ba takalmi, ya tattare babbar riga a kafaɗa. Ya shimfiɗa buhu yana tsince gutsattsarin siminti yana jerawa. Kowane ya juya sai ya ga kwarmin zane a bayansa, ƙasar da kakanmu ya murza da yatsunsa kuwa ta narke tana bin kwata. Mutum mai shekara sittin, yana ɗaga ɓallin siminti yana neman inda zai dace da ɗan'uwansa, hawaye na bin gemunsa.

Ya ɗago ya gan ni. Ya ce, "Malama, na kashe ilimin kakanmu. Wanda ya bar wa garin nan gaba ɗaya. Da wane ido zan dube shi?"

Na yi niyyar in yi shiru, don Gwaggo ba za ta taɓa tona ni ba. Amma na kasa ganin yana ɗaukar wannan kaya shi kaɗai. Na tattare zanena na tsuguna kusa da shi cikin taɓon, na gaya masa komai. Na ce babu wata kalanda. Kazar kakarmu ce, zomon wani Bafulatani ne, Zara gidan zanzaro ce, mai farauta kuma a tsaye na ƙirƙiro shi. Na ce na yi ne don kada ya rushe, kuma na ji bangon yana amsa amo tun wata guda da ya wuce, na yi shiru. Na ce in akwai mai laifi, ni ce.

Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Ya daɗe yana juya wani ɓalli a hannunsa, yana goge fentin da babban yatsa.

"Da kin ƙyale ni na rushe shi tun farko," in ji shi a hankali, "da har in mutu ban san na yi asara ba."

Ya ajiye ɓallin a kan buhu, ya miƙa hannu cikin taɓo ya ɗauko wani.